Haɗe Basussukan Karatu Wuri Guda: Yaushe Yake Sauƙi, Yaushe Yake Ƙarin Kaya?

Gabatarwa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A 'yan shekarun nan kuwa ɗaliban jami'a sun shiga sahun gaba na waɗanda wannan karin magana ta shafa. Tun daga 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur, jami'o'in gwamnatin tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista, ɗalibai da yawa ba sa kaiwa aji huɗu sai da bashi a wuyansu ko a wuyan iyayensu. A nan Abuja abin ya fi tsanani, domin ban da rajista ga kuɗin ɗaki a Gwagwalada ko Giri, ga kuɗin mota kullum, ga abinci. Bashin kuma ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Wani an ci shi a ƙungiyar gama-kai ta ofishin Baba, wani a ƙaramin banki, wani kuma a manhajar waya da tsakar dare, ana gobe za a rufe rajista.

Idan basussuka suka taru haka, sai a ji wani banki ko kamfani yana tallar cewa a zo ya biya su duka, a koma biyan sa shi kaɗai, a kan ruwan da ba ya hawa ba ya sauka. Wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin bayyana yadda wannan tsari yake aiki, da inda ya samo asali, da kuma lissafin da ya kamata ɗalibi ya yi kafin ya sa hannu a takarda.

Kalmomin da za mu yi aiki da su

Da yake mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da tantance kalmomi. Aro shi ne karɓar abin da za a mayar da shi kansa, kamar littafi ko keke. Rance kuwa karɓar abin da za a mayar da kwatankwacinsa ne, kamar kuɗi ko hatsi. Bashi shi ne nauyin da ya hau kan mutum bayan ya yi rance ko ya sayi kaya bai biya ba. Kafofin yaɗa labarai kan yi amfani da lamuni a madadin rance, ko da yake asalin kalmar ya fi karkata ga tsaya wa mutum. Kuɗin da aka karɓa tun farko su ne uwar kuɗi, abin da aka ɗora a kansu kuma shi ne kuɗin ruwa, ko ruwa a taƙaice.

Akwai kalma ɗaya da takan rikita mu da muka koyi Hausa a aji, wato riba. A rubutu kalma ɗaya ce, amma a baki biyu ne. Wadda ake jan wasalinta na farko ita ce abin da ɗan kasuwa ya samu a kan jarinsa. Wadda ba a ja ba ita ce ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi, wanda Musulunci ya hana. Don kauce wa wannan ruɗani, a nan za mu riƙa cewa ruwa.

Sauran biyun ba su da tsayayyen suna a Hausa tukuna, saboda haka ga abin da na zaɓa. Ruwan da aka yanke tun ranar farko, ba ya canzawa har a gama biya, zan kira shi ƙayyadadden ruwa. Na guji cewa tsayayyen ruwa ne don kada tunanin mai karatu ya tafi ga kududdufi. Kishiyarsa kuma ruwa mai hawa da sauka. Shi kuwa haɗe bashi, ma'anarsa mutum ya ci sabon bashi guda ɗaya, ya biya tsofaffin da shi, ya zama mai bin sa ɗaya ne, ranar biya ɗaya, ruwa iri ɗaya. A lura da kyau: haɗe bashi bai rage ko kwabo daga uwar kuɗi ba. Abin da ya canza shi ne wanda yake bi, da ruwan, da tsawon lokacin biya.

Inda abin ya yi ƙarfi

Wannan al'ada ta fi kafuwa a Amurka, inda bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.7. A can bashin karatu iri biyu ne. Akwai na gwamnatin tarayya, wanda shi ne mafi yawa, akwai kuma na bankuna da kamfanoni masu zaman kansu. Gwamnati tana da nata tsarin haɗe basussukan da take bi, inda take auna matsakaicin ruwansu gwargwadon girman kowanne, ta ɗan cika shi sama kaɗan, ta mai da shi ƙayyadadde. Amma ba ta karɓar bashin kamfani a cikin wannan tsari. Wanda kamfanoni ke bi, sai dai ya nemi wani kamfanin ya biya masa tsofaffin, ya buɗe masa sabo, bayan an duba albashinsa da tarihin biyan bashinsa.

Abin da ya sa mutane suka yi ta rububin ƙayyadadden ruwa a can shi ne abin da ya faru daga Maris 2022 zuwa Yuli 2023. A wannan tsakani babban bankin Amurka ya ɗaga ruwansa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin 100. Duk wanda bashinsa ke kan ruwa mai hawa da sauka ya ga abin da yake biya a wata yana ta ƙaruwa, alhali bai ƙara cin ko dala ɗaya ba. Gargaɗin da masu ba da shawara a can suka fi nanatawa kuma shi ne kada mutum ya kwashi bashin gwamnati ya kai wa kamfani, domin da zarar ya yi haka ya rasa sassaucin da gwamnati ke yi, kamar ɗaga biya ga wanda ya rasa aiki, kuma ba a komawa. Mai karatu ya riƙe wannan gargaɗi, domin za mu sake haɗuwa da shi a gida.

Yadda abin yake a Nijeriya

Ba yau gwamnatin Nijeriya ta fara ba ɗalibai rance ba. A 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, an kafa hukumar ba ɗalibai rance. Ta raba kuɗi, amma da yawa daga waɗanda suka karɓa ba su biya ba, har ta durƙushe. A 1993 aka yi dokar kafa bankin ilimi don ya gaje ta, shi ma bai yi wani abin a-zo-a-gani ba. Daga nan aka shafe kusan shekara 30 ɗalibi ba shi da wurin zuwa sai 'yan uwa, da adashi, da masu ba da kuɗi da ruwa.

A ranar 12 ga Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar rancen ɗalibai, wadda Femi Gbajabiamila ya gabatar da ƙudirinta a majalisar wakilai. Dokar ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai abin da iyali ke samu bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai an kawo mutum biyu masu tsayawa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya daɗe a aiki. Ɗan talakan da aka yi dokar dominsa ina zai samo irin waɗannan mutane? An soke ta, aka sake sabuwa a ranar 3 ga Afrilu 2024, wadda ta cire waɗancan sharuɗɗa. Asusun da ke gudanar da shirin, wato NELFUND, hedikwatarsa na nan Abuja, kuma ya buɗe karɓar buƙatun ɗalibai ranar 24 ga Mayu 2024.

Tsarinsa a taƙaice shi ne: ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, wanda ya nema kuma ana ba shi kuɗin kashewa, waɗanda aka fara da naira 20,000 a wata. Babu ruwa ko kaɗan. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, kuma abin da ake cira shi ne kashi 10 cikin 100 na albashi ko na abin da mutum ke samu.

To tun da ga wannan, me ya kawo maganar bashin kasuwa? Dalili na farko, rancen na makarantun gwamnati ne. Ɗalibin jami'ar Abuja, wadda gwamnati ta amince a Disamba 2024 a sauya mata suna zuwa na Yakubu Gowon, yana iya nema. Amma na Baze, da Nile, da Veritas da ke Bwari, ba sa ciki, alhali kuɗin makarantunsu ya fi yawa nesa ba kusa ba. Na biyu, naira 20,000 ba ta biyan kuɗin ɗaki, ba ta sayen kwamfuta, ba ta ɗaukar nauyin binciken kammala digiri. Na uku, akwai waɗanda suka riga suka ci bashin kafin a buɗe asusun. Saboda haka abin da aka fi gani shi ne mutum ɗaya da bashi kala-kala: mai araha, da mai tsada, da wanda ba shi da ruwa sam.

Me ke sa ruwa hawa da sauka?

Babban Bankin Nijeriya yana da kwamitin da ke zama lokaci-lokaci ya yanke ma'aunin ruwa, wanda sauran bankuna ke dubawa su ɗora nasu a kai. A Yuli 2023 ma'aunin yana kashi 18.75. A cikin 2024, domin yaƙi da hauhawar farashi, aka yi ta ɗaga shi zama bayan zama, har ya kai 27.5 a Nuwamba na shekarar.

A ƙaddara wani ya ci bashin naira 600,000 bisa yarjejeniyar cewa ruwansa shi ne ma'aunin Babban Banki da ƙarin kashi 5. A Yuli 2023 ruwansa 23.75 ne. Zuwa Nuwamba 2024 ya zama 32.5. In uwar kuɗin na nan yadda take, wannan bambanci ya kai naira 52,500 a shekara, ba tare da ya yi laifin komai ba. Wanda ya yi yarjejeniya a kan ƙayyadadden ruwa kuwa ko a jikinsa. Wannan shi ne babban amfanin ƙayyadewa, kuma amfani ne na gaske ga mai ɗan ƙaramin albashi, domin ya san abin da zai fita daga aljihunsa kowane wata har ya gama.

Sai dai kuma abin da ya hau yana iya sauka. A Satumba 2025 Babban Banki ya rage ma'aunin zuwa 27, ragi na farko tun 2020. Wanda ya ƙulle kansa a lokacin da ruwa ke ƙololuwa zai ci gaba da biyan tsohon farashi ko da na kasuwa ya faɗi. Shi ya sa bai kamata a sa hannu ba sai an tambaya: in na samu kuɗi na so biya gaba ɗaya kafin wa'adi, akwai tara? In babu tara, to mutum yana da ƙofar fita. In akwai, a san nawa ce tun yanzu.

Wani abin lura kuma, ba kowane ruwan da ma'aikacin banki ya kira ƙayyadadde da baki ne yake haka a takarda ba. Takardun tayin bashi da yawa suna ɗauke da sakin layin da ke cewa banki na iya sake duba ruwan bisa yanayin kasuwa. Ƙa'idar cajin bankuna da Babban Banki ya fitar, wadda ta fara aiki a Janairu 2020, ta ce sai an sanar da abokin hulɗa aƙalla kwana 10 na aiki kafin a ɗora masa sabon ruwa. Sanarwa ke nan, ba hani ba. In wannan sakin layi yana cikin takardarka, ruwanka mai hawa da sauka ne, ko me aka faɗa maka a kan teburi.

Lissafin da ya fi kome muhimmanci

Na san da yawa daga cikinmu gudun lissafi ne ya kawo mu sashen harsuna, amma a daure, wannan bai wuce tarawa da ninkawa ba. Duk alƙaluman da ke tafe misali ne na ƙaddarawa, ba farashin wani banki ba ne.

A ce wata ɗaliba ta gama digiri ana bin ta kashi uku. Manhajar waya tana bin ta naira 100,000 a kan kashi 10 a wata, wato 120 a shekara. Ƙaramin banki yana bin ta 200,000 a kan kashi 4 a wata, wato 48 a shekara. Ƙungiyar gama-kai ta wurin aikin mahaifiyarta tana bin 300,000 a kan kashi 12 a shekara. Jimla 600,000. In aka bar uwar kuɗin shekara guda ba a taɓa ba, ruwan na farko 120,000 ne, na biyu 96,000, na uku 36,000. An tashi da 252,000, wato kashi 42 cikin 100 na dukkan bashin.

Sai wani banki ya ce ta kawo duka ya haɗe mata a kan ƙayyadadden ruwa na kashi 30. Kashi 30 na 600,000 shi ne 180,000. Ta huta da 72,000 ke nan, kuma kowa zai ce ta yi dabara. Amma a sake dubawa. In ta haɗe biyun farko kawai, wato 300,000 a kan kashi 30, ruwansu 90,000 ne. A tara da 36,000 na ƙungiya, ya zama 126,000. Ashe haɗe duka ukun ya fi haɗe biyu tsada da naira 54,000 a shekara. Dalili kuwa a fili yake: ta ɗauki bashin kashi 12 ta mai da shi na kashi 30, don kawai ta ji daɗin cewa wuri ɗaya take biya. Ƙa'idar ke nan: bashin da ruwansa ya fi na sabon yawa shi ake haɗewa, wanda bai kai ba a bar shi inda yake.

A nan ne gargaɗin Amurka ya dawo. In ɗalibar nan tana da rancen NELFUND na naira 400,000, wani kuma ya ba ta shawarar ta haɗa har da shi don ta rabu da gwamnati, to ya cuce ta. Bashin da ba ya haihuwar ko sisi zai koma haihuwar 120,000 a shekara. Za ta kuma rasa jinkirin shekara biyun nan, da sassaucin cewa gwargwadon samunta za a cira. Har ila yau, a ƙasar da farashi ke hawa, bashi marar ruwa sauƙi yake ƙarawa da kansa. A Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 bisa ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kafin a sauya ma'aunin lissafin a farkon 2025. Ko a ƙaddara kashi 25 ne a shekara har shekara uku, naira 400,000 ta wancan lokaci ba za ta sayi abin da ya wuce na kimanin 205,000 ta yau ba. Wannan ba izinin ƙin biya ba ne. Ƙin biya ne ya kashe hukumar 1972, ƙannenmu kuma daga abin da muka mayar za a ba su.

Kashi 30 iri biyu ne

Ko bayan an yarda a kan kashi 30, da sauran magana, domin hanyar lissafa ruwa biyu ce. Ta farko, a lissafa shi a kan uwar kuɗin duka tun daga farko har ƙarshe, kamar ba a taɓa biyan komai ba. Ta biyu, a lissafa shi kowane wata a kan ragowar da ba a biya ba. Ƙananan bankuna da manhajoji sun fi son ta farko, kuma ba kullum suke bayyanawa ba sai an tambaya.

A ɗauki 600,000 a kan kashi 30 na wata 12. Ta hanyar farko ruwan 180,000 ne, jimla 780,000, wato 65,000 kowane wata. Ta hanya ta biyu abin biya a wata kimanin 58,500 ne, ruwan duka kuma kimanin 102,000. Bambancin ya kai 78,000, alhali su biyun kashi 30 aka rubuta. In aka juya lissafin, kashi 30 na hanyar farko daidai yake da sama da kashi 50 na hanya ta biyu. Saboda haka kwatanta kashi da kashi ba ya isa, sai an san a kan me ake ɗora shi.

Sannan ga tarkon tsawon lokaci, wanda a ganina ya fi kowanne kama mutane, don yana zuwa da fuskar taimako. Mai bautar ƙasa da ke karɓar alawus na naira 77,000, kamar yadda aka fara biya a 2025, ba zai iya fitar da 58,500 a wata ba. Sai a ce masa babu damuwa, a shimfiɗa bashin zuwa wata 36, ya riƙa biyan kimanin 25,500. Numfashi ya samu. Amma ruwan da zai biya ya tashi daga 102,000 zuwa kimanin 317,000, fiye da rabin uwar kuɗin. In wata 24 ne, biyan wata kimanin 33,500 ne, ruwan kuma 205,000. Ban ce tsawaitawa laifi ba ce. Wani lokaci ita ce kaɗai hanyar da mutum zai biya bai kwana da yunwa ba. Abin da nake cewa shi ne a san farashinta, a kuma zaɓi mafi gajeren wa'adin da aljihu zai iya ɗauka.

Ban da ruwa akwai 'yan caje-caje. Ƙa'idar 2020 da aka ambata ta ba bankuna damar karɓar kuɗin gudanarwa da bai wuce kashi 1 na bashin ba, sau ɗaya, ta kuma ba su damar ɗora tarar da ba ta wuce kashi 1 a wata ba a kan abin da aka makara biya. Wasu kan ƙara kuɗin inshora. Tambaya ɗaya ce ke tattara duk waɗannan: nawa zai shigo hannuna, kuma nawa zan biya gaba ɗaya daga yau har na gama? A nemi amsar a rubuce, tare da jadawalin biya wata-wata.

Masu bashin dala

Wasu 'yan Nijeriya da ke tafiya karatun digiri na biyu a waje sukan ci bashi daga kamfanoni irin su Prodigy Finance da MPOWER Financing, kuma da dala ake biya. Ga wanda ya dawo gida yana ɗaukar albashi da naira, ƙayyadadden ruwa bai kare shi daga komai ba in naira ta faɗi. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan dala 300 a wata ya tashi daga kimanin naira 138,000 zuwa 450,000, ruwansa kuwa bai motsa ba.

Wanda ba ya mu'amala da ruwa fa?

Da yawa daga masu karanta wannan mujalla ba za su ci bashi mai ruwa ba, ƙayyadadde ne ko mai hawa da sauka, saboda addini. Abuja na da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya fara a 2019, dukansu hedikwatarsu a nan take. Tsarinsu ya ginu a kan ciniki da haya: banki ya sayi abu, misali kwamfuta, ya sayar maka da ƙarin da aka yanke tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan. Ta fuskar sanin abin da za a biya, wannan ya yi kama da ƙayyadadden ruwa, domin farashin ba ya canzawa. Amma tun da ba kuɗi suke sayarwa ba, ba lalle ne su iya biya wa mutum tsohon bashin kuɗi ba, kuma hukuncin irin wannan sai a koma ga malamai. Abin da ya fi sauƙi ga irin wannan ɗalibi shi ne tsohuwar hanyar gida: rance marar ruwa daga dangi ko ƙungiyar da ba ta ɗora ƙari, ko ɗaukar farko a adashi, a kashe bashin da ya fi ci da shi. Wannan ma haɗe bashi ne, kuma babu bankin da zai ba da mai araha kamarsa.

Kafin sa hannu da bayansa

Sabon bashi na banki yakan zo da wani izini da mutane ke sa wa hannu ba su karanta ba. Tun 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cewa in mai bashi ya ƙi biya, a bi lambarsa ta BVN a ciri kuɗin daga asusunsa na wasu bankunan. Wanda ya haɗe bashi ya sani cewa ya fita daga hannun masu kira da barazana ne ya shiga hannun wanda ba ya buƙatar kira.

Game da manhajojin waya kuwa, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara tilasta musu rajista a 2022, bayan koke-koken yadda wasunsu ke aika wa 'yan uwa da abokan mai bashi saƙon ɓatanci. A 2023 kuma kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotunan mutane. Duk manhajar da ke tallar za ta haɗe maka bashi, a duba ko tana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su. Cin bashin wata manhaja don biyan wata, a kan ruwa iri ɗaya, ba haɗe bashi ba ne, an gudu ne ba a tsira ba.

In an karɓi sabon kuɗin, a biya tsofaffin a ranar, domin kuɗi a asusun ɗalibi ba sa kwana biyu ba su samu wata hidimar ba. A karɓi takardar shaidar kammala biya daga kowane mai bi, a ajiye, a kuma goge manhajar daga waya don kada ta sake tayi. Bayan 'yan makonni sai a nemi rahoton bashi daga ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu bashi, wato CRC, ko FirstCentral, ko CreditRegistry, a tabbatar an rubuta cewa an biya. In har tsohon bashin yana nan a rubuce, a koma wa mai bin da takardar shaidar ya gyara, in banki ne kuma ya ƙi, sai a kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.